NAZARI: Zaɓen tumun dare: Yadda ɗaliban Sakkwato ke zaɓar manyan makarantu babu ma'auni

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, shagunan kwamfuta na Tudun Wada da sauran unguwannin birnin Sakkwato sukan cika da matasa. Wani ya zo a buɗe masa adireshin imel, wani a gyara masa bayanan lambar NIN, wani kuma ya zo ne kawai ya ji abin da abokansa suka zaɓa kafin ya wuce cibiyar rajista. Cikin 'yan mintoci, yaron da bai wuce shekara 17 ko 18 ba zai yanke hukunci a kan makarantar da zai shiga da kwas ɗin da zai karanta, hukuncin da zai bi shi har tsufa. Sau da yawa babban mai ba shi shawara shi ne mutumin da ke zaune gaban kwamfutar, wanda hankalinsa yana kan layin da ke jiran sa.

Iyayen wannan yaro ba su sha irin wannan wahalar zaɓe ba, domin a zamaninsu ƙofofin kaɗan ne, kuma kowa ya san su. Yau jihar Sakkwato tana da jami'o'i na tarayya da na jiha da masu zaman kansu, tana da kwalejin kimiyya da fasaha, da kwalejojin ilimi, da na kiwon lafiya, da na noma, da na shari'a. Sai dai bayanan da mutum zai auna waɗannan makarantu da su ba su ƙaru kamar yadda makarantun suka ƙaru ba. Ɗan gidan da ke da malamin jami'a ko babban ma'aikaci zai sami mai yi masa jagora a cikin gida. Ɗan mai sayar da albasa ko ɗan direban Keke Napep kuwa da jita-jita zai yi aiki. Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta ɗalibi da iyayensa, ta zama ta siyasa da adalci.

Abin da ke gaban ɗalibi

Babbar yaya ita ce Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, a shekarar da aka kafa takwarorinta na Kano da Maiduguri da Jos da Ilori da Kalaba da Fatakwal. Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, kuma a 1988 aka sauya mata suna. Mazauninta na dindindin yana wajen gari ta ɓangaren Dundaye, tana da harabar cikin gari, tana kuma da asibitin koyarwa. Ana karanta likitanci da likitancin dabbobi da shari'a da noma a cikinta, ban da fannonin kimiyya da na adabi da harsuna.

Sai Jami'ar Jihar Sakkwato da ke kan hanyar Birnin Kebbi kusa da filin jirgin sama, wadda aka kafa a 2009 zamanin Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, ta fara karatu a 2013. Sai Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda tushenta ke komawa 1970 a matsayin babbar makarantar horar da malamai, da kuma Jami'ar Ilimi ta Shehu Shagari da ta sami amincewar hukumar NUC a 2022 zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. Sunayen biyu sun yi kama ƙwarai, amma takardar da kowacce ke bayarwa da hukumar da ke sa mata ido daban ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya rikita mai cike fom.

A Farfaru akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. A Gidan Madi, hedikwatar ƙaramar hukumar Tangaza, akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya da gwamnatin Buhari ta amince da kafawa a 2020. A Gwadabawa akwai Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya ta Sultan Abdurrahman, a Wurno kwalejin noma da kiwo, a Wamakko kwalejin shari'a da addinin Musulunci. Akwai kwalejojin koyon aikin jinya da ungozoma na jiha da na asibitin koyarwa. A 'yan shekarun nan kuma jami'o'i masu zaman kansu irin su Saisa da Northwest sun sami lasisi, ga tarin ƙananan kwalejojin lafiya da na ilimi na 'yan kasuwa da allunansu ke bayyana a bakin tituna.

Yadda aka zo nan

Tarihin rarraba jihohi yana bayyana wani ɓangare na wannan yawaita. Lokacin da aka cire Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato a 1991, kwalejin fasaha ta Birnin Kebbi ta tafi da ita. Da aka cire Zamfara a 1996, makarantun Talata Mafara da Ƙaura Namoda da Gusau su ma suka fita daga hannu. Dole jihar da ta rage ta gina nata, kuma babu mai ja da wannan buƙata.

Ɗaya ɓangaren kuwa siyasa ce. Babu aikin da ke kawo wa gwamna ko sanata suna kamar a ce shi ya kawo babbar makaranta garinsu. Akwai kuma kuɗin asusun TETFund, wanda ke raba wa makarantun gwamnati kaso duk shekara daga harajin da kamfanoni ke biya. A 2024 kowace jami'ar gwamnati da ke cikin tsarin ta sami kimanin naira biliyan 1.9. Duk gwamnan da ya san lissafi ya san cewa sabuwar jami'a sabuwar hanya ce ta shigowar kuɗin gine-gine. Albashin malamai da kayan ɗakin gwaje-gwaje da littattafan ɗakin karatu kuwa, waɗanda babu bikin yanke kyalle a kansu, su ne ake bari a baya.

Gwamnatin tarayya da kanta ta amsa cewa abin ya wuce kima. A watan Agustan 2025 Majalisar Zartarwa ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya har tsawon shekara bakwai, kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya bayyana cewa jami'o'i 199 a ƙasar nan ba su sami masu nema da suka kai 100 ba ta hanyar JAMB, 34 daga ciki ko mutum ɗaya bai neme su ba. A Sakkwato ma an ga yadda siyasa ke taɓa makarantu a 2023, lokacin da gwamnati mai barin gado ta sauya sunayen wasu manyan makarantun jihar, ita kuma gwamnatin Ahmed Aliyu ta soke sauyin da hawanta. An yi ta muhawara a kan suna. Da wuya ka ji an yi irin wannan muhawara a kan yawan malaman wani sashe ko matsayin amincewa da wani kwas, alhali su ne ke shafar ɗalibi kai tsaye.

Kwas ake aunawa kafin makaranta

Sakkwato ba baƙuwar neman ilimi ba ce, kuma tsohon tsarinta yana da abin koyi a nan. Almajirin zaure ba ya tambayar girman ginin makaranta. Yakan tambayi wane malami ne ya fi ƙwarewa a nahawu, wane ne a fiƙihu, kuma daga wa shi malamin ya karɓa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukh, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wajensu da abin da ya ɗauka daga kowannensu. Ma'aunin shi ne fanni da malami da ingancin isnadi.

Isnadin wannan zamani shi ne amincewar hukumomi, kuma kwas-kwas ake bayar da ita. Hukumar NUC ce ke tantance kwasa-kwasan jami'o'i, NBTE na kwalejojin fasaha da na lafiya da na noma, NCCE kuma na kwalejojin ilimi. A tsarin NUC, kwas kan sami cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana shi ɗungurungum. Saboda haka jami'a ɗaya tana iya samun sashen da ke da cikakkiyar amincewa kusa da sashen da aka ba wa'adin gyara. Cewa makaranta ta gwamnati ce, ko tana da lasisi, bai amsa tambayar ba.

A fannonin sana'a akwai mataki na biyu. Mai karatun likitanci yana buƙatar amincewar majalisar likitoci ta MDCN, wadda ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Mai karatun jinya yana ƙarƙashin majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma, mai karatun kiwon lafiyar al'umma yana da tasa hukumar rajista, mai karatun shari'a kuma ba zai shiga makarantar horar da lauyoyi ba sai ta cikin kason da aka ware wa jami'arsa. Idan makaranta ta ɗebi ɗalibai fiye da kasonta, waɗanda suka yi rara su ne za su zauna a gida da takarda a hannu suna jiran layi. Wannan haɗari ya fi yawa a ƙananan kwalejojin lafiya masu zaman kansu da suka bazu a Arewa, inda iyaye ke biyan kuɗi mai yawa saboda sun ji cewa aikin asibiti ba ya ƙarewa. Akwai nagari a cikinsu. Amma wanda bai ga takardar amincewa da kwas ɗin da adadin kason ba, ya yi cinikin biri a sama.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna abin da ya biyo bayan binciken ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian a Disambar 2023, inda ya sami digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Dokar ta hau kan masu sayen takarda, ta kuma shafi ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah, domin ba su bincika matsayin makarantarsu tun farko ba.

Gurbin da JAMB ba ta sani ba

Ma'auni na biyu shi ne hanyar da gurbin ya biyo. Tun 2017 JAMB ta ɓullo da manhajar CAPS, wadda ta nan ne kaɗai ake bayar da gurbin karatu na halal a jami'a da kwalejin fasaha da kwalejin ilimi. Shekara da shekaru wasu makarantu sun riƙa ɗaukar ɗalibai ta bayan gida, daga baya a je a nemi JAMB ta halatta. Hukumar ta bayyana cewa ta rufe wannan ƙofa. Ɗalibin da sunansa bai shiga kundin JAMB ba zai iya shekara huɗu yana karatu, ranar da za a tura sunaye hidimar ƙasa ya tarar babu nasa. Duk takardar gurbin da ba ta bayyana a shafin CAPS na ɗalibi ba, ko wane ne ya miƙa ta, abar tuhuma ce.

A nan ne ma shagon kwamfuta ke iya cutar da yaro ba da gangan ba. Lambar waya da adireshin imel da aka yi rajista da su su ne mabuɗin komai daga baya: karɓar gurbi, sauya makaranta, ɗora sakamakon WAEC ko NECO. Wanda ya bari aka yi masa amfani da lambar wani ya ba da ajiyar makomarsa a aljihun da ba nasa ba.

Akwai kuma ruɗani a kan maki. A taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai na 2025 an tsayar da 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, 140 na kwalejojin jinya, 100 na kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan tsani ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma kowane kwas yana da nasa zafin gasa. A shekarar ta 2025, fiye da mutum miliyan 1.3 cikin kimanin miliyan 1.9 da suka rubuta jarrabawar ba su kai maki 200 ba. Yaron da ya ci 180 ya sa likitanci a zaɓinsa na farko saboda an ce masa ya haye makin jami'a, ya yi asarar shekara guda a banza.

Abin da yawancin 'yan jihar ba su sani ba shi ne suna da wata dama a jami'o'in tarayya. Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ta raba guraben uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka a matsayin koma-baya a ilimin zamani, kuma Sakkwato tana cikinsu. Ɗan Tudun Wada da ya nemi Jami'ar Ɗanfodiyo yana da ƙofa uku ke nan. Amma ba zai san inda ya tsaya ba sai an gaya masa makin da aka tsaya a kai bara a kwas ɗin da yake so, a kowane ɗaya daga rukunan nan uku. Makarantu suna da waɗannan alƙaluma a ofisoshinsu.

Kuɗin da ba a rubuta a takarda ba

A rahoton talauci mai fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022, Sakkwato ce ta zo kan gaba, da kusan kashi 91 cikin ɗari na al'ummarta. A irin wannan jiha, kuskuren zaɓe yana da tsada ƙwarai: gidan da ya sayar da rago ko ya jinginar da gona don yaro ɗaya ba shi da abin da zai sake sayarwa idan aka yi ɓatan kai.

Iyaye sukan kwatanta kuɗin rajista kawai. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya zama wani kuɗin makaranta na biyu. A ƙaddara ɗalibi daga Tudun Wada yana kashe naira 1,000 zuwa da dawowa a kullum, kwana biyar a mako, mako 32 a shekara. Naira 160,000 ke nan, kafin a zo maganar abinci da buga takardu da datar waya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Makarantar da kuɗinta ya fi arha a takarda tana iya fin tsada a aljihu idan tana nesa kuma ba ta da ɗakunan kwana, ita kuma mai ɗan tsada ta fi sauƙi idan yaro zai iya kwana a gidan ubansa.

Asusun lamunin karatu na NELFUND ya sauya lissafin. Tun da aka buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, yana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, yana kuma ba shi naira 20,000 a wata, babu ruwa a kai, biyan bashin kuma yana farawa shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa. Sai dai ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai ya shafa, kuma sai makarantar ta ɗora bayanan ɗalibanta a kan lokaci. Don haka a cikin tambayoyin da ya kamata a yi wa kowace makaranta akwai wannan: ɗalibanku nawa suka nema, nawa suka samu? Bashi ne kuma, ba kyauta ba. Wanda ya ci bashi ya karanta kwas ɗin da ba a amince da shi ba ya yi asara biyu.

Lokaci, hanya da tsaro

Shekarun da aka rubuta a takardar gurbi ba su ne shekarun da ake yi ba. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Kwalejojin fasaha da na ilimi su ma suna da nasu ƙungiyoyin da nasu yaje-yajen. Ga wanda ya fara karatu a makare, wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda ya haura shekara 30 lokacin kammalawa takardar yafewa ake ba shi a madadin hidimar ƙasa, da alawus ɗinta na naira 77,000 a wata. Tambaya mai sauƙi za ta bayyana gaskiyar kowace makaranta: waɗanda suka shiga a shekara kaza, yaushe suka fita, kuma yaushe takardunsu suka fito?

Hanya ma ma'auni ce. Mutanen birni ba su manta da ambaliyar 2010 ba, wadda ta katse hanyar da ta haɗa gari da mazaunin Jami'ar Ɗanfodiyo. Yau abin da ya fi damun iyaye shi ne tsaro. Gabashin jihar ya daɗe yana fama da 'yan bindiga, kuma a Nuwamban 2024 rundunar tsaro ta tabbatar da ɓullar Lakurawa, waɗanda aka fi jin motsinsu a Tangaza da Gudu. Sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen haya na Sabon Gida a Satumbar 2023 ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga mazauna wajen harabar makaranta. Wannan ba hujja ba ce ta guje wa makarantun da ke wajen birni, domin an kafa su ne don su kusanci mutanen karkara. Hujja ce ta a gaya wa iyaye gadaje nawa makaranta take da su, musamman na mata, da kuma tanadin tsaron da aka yi. A gidaje da yawa, amsar wannan tambaya ce ke yanke hukuncin ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za ta tsaya a sakandare.

Digiri, difloma ko NCE

Rububin jami'a yana da dalili. An daɗe ana kokawa da bambancin da ake nuna wa mai babbar difloma ta HND a aikin gwamnati, kuma ƙudurin kawar da bambancin da Majalisar Tarayya ta zartar a 2021 bai zama doka ba. Mai takardar NCE ba ya zuwa hidimar ƙasa, ga albashin malamin firamare da kowa ya san halinsa. Matasa ba su yi wauta ba da suka karanta waɗannan alamu.

Amma hanyoyin suna haɗuwa a gaba, kuma ba kowa ake gaya wa ba. Mai NCE ko ƙaramar difloma mai kyakkyawan sakamako zai iya shiga jami'a a aji biyu ta hanyar shiga kai tsaye, haka ma wanda ya ci jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa. Dokar 2023 ta bai wa kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE. Yaron da ya shekara uku yana maimaita JAMB don neman likitanci, da ya sami mai haska masa hanya, da yanzu yana da takarda a hannu da sana'ar da zai ci abinci da ita. Jihar da ke noman albasa da shinkafa da alkama a fadamun Rima, wadda fatar jar akuyarta ta yi suna har ƙasashen waje, kuma take ƙarancin malamai da ma'aikatan lafiya a ƙauyuka, tana buƙatar waɗanda suka fito daga Wurno da Gwadabawa da Farfaru kamar yadda take buƙatar masu digiri. Sai dai ba za a shawo kan matasa da wa'azi ba. Sai an nuna masu alƙaluman waɗanda suka bi waɗannan hanyoyi da inda suka ƙare.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce bayanan ai suna nan: JAMB tana da kundin kwasa-kwasai a intanet, NUC da NBTE suna wallafa jerin makarantu. Haka ne. Amma a warwatse suke, da Turanci, a shafukan da ba kullum ake sabunta su ba, kuma babu ɗayansu da zai gaya maka kuɗin haya a kusa da makaranta ko yawan waɗanda suka fara suka gama. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare, amma duk wanda ya yi makarantar gwamnati ya san yadda wannan ofis yake idan ma akwai shi.

Wani kuma zai ce jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe zai kashe ƙanana ya ƙara cunkoso a manya. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa abin da ake nema ba gasar wa ya fi wa ba ce. A buɗe alƙaluman kawai, kowa ya auna da buƙatarsa. Amurka ta yi haka a 2015 da shafin College Scorecard, wanda ke nuna kuɗin kowace kwaleji da yawan masu kammalawa da abin da suke samu bayan sun fita. Indiya ta fara fitar da nata ma'aunin a 2016. Jihar da ke da ƙananan hukumomi 23 da makarantun da za a iya ƙirgawa ba ta buƙatar wata babbar na'ura kafin ta yi kwatankwacin wannan.

Abin da za a iya yi kafin fom na gaba

Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta jiha za ta iya fitar da kundi ɗaya duk shekara, da Hausa da Turanci, kafin JAMB ta fara sayar da fom. Kowane kwas a kowace makaranta, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, ya zo da matsayin amincewarsa da ranar ƙarewarta, da kason da aka ba shi, da makin da aka tsaya a kai bara, da jimillar kuɗin shekara, da yawan malamai na dindindin, da gadajen kwana, da yawan waɗanda suka kammala a kan lokaci. A liƙa shi a sakandare da cibiyoyin rajista, a karanta shi a gidajen rediyo. Kuɗin wannan aiki bai kai na katangar makaranta ɗaya ba. Gwamnatin da ta gabata ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi tun 2015, ta yanzu ma ta sa ilimi cikin manyan ƙudurorinta. Ga aiki mai arha da za a gwada kowa da shi.

Majalisar Dokokin jiha, mai mambobi 30, tana da ikon mayar da wannan wajibi ta hanyar doka, ta kuma sa shi cikin sharuɗɗan barin makaranta mai zaman kanta ta yi aiki a jihar. Idan ba ta motsa ba, akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Afrilun 2025 cewa ta hau kan jihohi ma. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata. Ƙungiyoyin ɗalibai da na matasan unguwa, waɗanda ke da ƙarfin tara jama'a lokacin kamfe, suna iya rubuta wasiƙa ɗaya ga kowace makarantar gwamnati a jihar, su wallafa amsar da aka ba su, su kuma wallafa sunan wadda ta yi shiru.

Kafin nan, nauyin yana kan 'yan unguwa. A Tudun Wada akwai waɗanda suka gama Ɗanfodiyo da jami'ar jiha da Farfaru da Shehu Shagari, kuma kowannensu ya san abin da ya so a ce an gaya masa tun farko. Zama ɗaya a makarantar firamare ta unguwa ranar Asabar, mako biyu kafin fara rajista, zai kuɓutar da yara da dama daga asarar shekara. Shi kuma ɗalibin da ke kan layi a shagon kwamfuta, kada ya danna komai sai ya sami amsar tambaya huɗu: an amince da wannan kwas, gurbin zai fito ta CAPS, nawa zai ci a shekara har da kuɗin mota, kuma ina waɗanda suka gama shi bara suke yanzu?